Nata'ala Zai Kawo Jirgi Ƙofar Gida

A shekarar da aka fara farfasa tsakiyar Alƙahira don haƙa hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda Misirawa ke ce wa mitiro, akwai wani Bahaushe a Hayyin Ashir ana kiransa Nata'ala. Mutumin Gumel ne. Karatu ya kawo shi Masar, amma shekara goma sha ɗaya ke nan shi da karatun sai dai su gaisa daga nesa. Abin da yake ci da shi kuwa shi ne raka fataken Najeriya kasuwar Ataba, ya yi musu tafinta, ya riƙe musu jaka, ya kuma cika musu kunne. Wallahi ni dai ban taɓa ganin mai baki irin nasa ba. In ka ce masa ka je ka ga dalar Fir'auna, sai ya taɓe baki ya ce ai ginin a karkace yake, da shi aka ba aikin da ta fi haka tsini.

Babbar taƙamarsa ita ce ubansa mahaƙin rijiya ne. "Mu gidanmu ƙarƙashin ƙasa gado ne," haka yake faɗa yana bugun ƙirji. Abin da ba ya faɗa shi ne ko sau ɗaya bai taɓa sauka rijiya ba. A baki ake ajiye shi yana zubar da ƙasa, shi ɗin ma aka karɓe tun ranar da ya saki guga a kan kawunsa.

To akwai wata bazawara 'yar Kano, Lauratu, tana zaune a hawa na uku a bayan kasuwar Ataba tare da gwaggonta Inna Mardiya, tana sayen mayafai da turare tana aikawa gida. Nata'ala yana sonta, so na gaskiya, wanda in ta dube shi sai bakin nan nasa ya mutu na ɗan lokaci. Ran da ya yi ta maza ya fito da maganar aure, ba ta yi masa wani kwana-kwana ba.

Ta ce, "Nata'ala, ba ƙinka nake ba. Amma ba zan zauna Hayyin Ashir ba. Sana'ata a nan take. Bas biyu, awa biyu, mutum a rataye a ƙofa kamar rigar shanya, safe da yamma? Khalas, ban iya ba."

"Wannan ce kaɗai matsalar?"

"Ita kaɗai."

Inna Mardiya ta buɗe baki za ta yi magana, ya riga ta. "To ai da sauƙi. Jirgin nan da ake haƙa wa rami, shi zan kawo miki har ƙofar gida. Ki fito da bismilla, ki sauka ƙasa, kafin ki gama gyara ɗankwali kin iso Ataba."

Lauratu ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ɗin?"

"Ni ɗin. Ɗan Sarkin Rijiya."

"Tamam. Na ba ka zuwa Babbar Sallah. In ta wuce, kada ka ƙara hawo min bene da maganar aure."

Washegari ya tafi dandalin da ake haƙa, ya manna ido a ramin shinge, ya yi ta girgiza kai yana tsaki har mai gadi ya kore shi. Daga nan ya nemi ofishin injiniyoyin, ya shiga da taswirar da ya zana a bayan kwalin sabulu. Mutanen kirki ne, sun ba shi kujera, sun ba shi shayi, suka nuna masa a bango cewa layin daga Helwan zai taso ya nufi Marj, ko warin Hayyin Ashir ba zai ji ba. Suka ce ma'alish, wato ya yi haƙuri, suka raka shi har ƙofa. Nata'ala ya dawo unguwa yana tafiya da ƙyar saboda girma. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, "Sun rasa yadda za su yi da wannan ɓangaren. Sun ce in fara daga nan, su fara daga can, mu haɗu a tsakiya."

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci aka taru a gidan Malam Ɗantsoho, dattijon da ya fi kowane Bahaushe daɗewa a unguwar. Ɗalibai sun zo, 'yan kasuwa sun zo, har da Iliya direban ofishin jakadancin Najeriya, mutumin Kafanchan, wanda ya taɓa zama Landan ya hau irin jirgin da ƙafarsa. Nata'ala ya shimfiɗa kwali a tsakar tabarma ya gyara murya.

"Na farko, jirginmu ba ya tashi sai ya cika."

Iliya ya ce, "Kai Nata'ala, jirgi da agogo yake tafiya. In lokaci ya yi, ko mutum ɗaya ne a ciki, tashi yake."

"Shi ya sa Turawa ba su da albarka. Ka taɓa ganin motar Gumel ta tashi da kujera a wofi? Za mu sa ɗan kamasho a kowace tasha yana kira. Na biyu, rufin ramin zai yi tsawo, saboda lodi."

"Wane lodi?"

"Na saman jirgi mana. Buhuna, katifu, ragon layya. A kanka za a ɗora su?"

Aka yi ta gyaɗa kai, don gaskiya maganar lodi ta shiga kowa. Sai aka zo kan tashoshi. Nata'ala ya ce ya tsara guda uku a unguwar. Malam Ɗantsoho ya leƙa kwalin, ya ga layin ya bi ta gaban gidansa ya wuce sumul.

"Ɗana, wannan jirgin naka zai bi ta ƙofata?"

"Ta ƙarƙashinta ma, Baba."

"Ya wuce bai tsaya an gaisa ba?"

Nata'ala ya ji kunya ta rufe shi, ya durƙusa ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba, kuskuren alƙalami ne." Nan take ya ɗiga tasha a ƙofar Malam. Ai kuwa sai kowane mai furfura ya miƙo wuya. In an tsaya wa Malam Ɗantsoho, shi Malam Lawal ɗan wa ya fi shi da za a wuce shi? Kafin shayi ya huce an yi tasha ashirin da uku, kuma jirgin ko unguwar bai fita ba.

Ba a nan ta tsaya ba. Malam Lawal ya nuna da sandarsa cewa tashar wani ɗan kasuwa ta riga tasa, alhali ya girme shi da shekara tara. Yaushe aka fara gaida ƙane kafin wa? Nata'ala ya ga gaskiya ce tsantsa, ya lashi yatsa ya goge layin, ya sake ja bisa shekaru: jirgi zai fara da mafi tsufa, sannan mai bi masa, ko da ɗaya yana gabas ɗaya yana yamma. Wasu dattawa biyu suka kusa ba hamata iska a kan wanda aka haifa kafin shekarar fara. Da aka gama, taswirar ta koma kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi.

Iliya ya daɗe yana bin layin da yatsa. Ya ɗago ya ce, "A lissafina, wanda ya hau bayan asuba zai isa Ataba da la'asar."

"Amma a zaune," in ji Nata'ala.

"Bas awa biyu take yi fa."

"A tsaye. Kai matsalarka, Iliya, ka ga jirgi amma ba ka san mutane ba."

Don a rufe bakin Iliya, Nata'ala ya ce za a gwada hanyar a sama kafin a haƙa ta a ƙasa. Ran Asabar da hantsi ya jera mutum goma sha takwas, kowa ya kama gefen rigar na gabansa, shi yana gaba da usur a baki, shi ne kan jirgi. Sai da suka yi rabin awa a rana suna jira, domin ya ce taragon baya saura mutum biyu. Da aka kamo wasu ɗalibai 'yan Zinder aka cike gurbin, ya busa usur, aka tashi.

Tashar farko, gidan Malam Ɗantsoho. Jirgi ya durƙusa gaba ɗaya. Ina kwana, ina gajiya, ina iyali, yaya ƙafar, an ji daga gida? Malam ya ce ba a zo masa a tafi haka ba, aka fito da shayi. Tasha ta biyu tana can ƙarshen unguwa, aka ja jiki aka tafi, aka durƙusa, aka sha shayi. Ta uku tana jikin ta farko, aka dawo. Misirawa suka cika barandodi suna kallo. Wata tsohuwa ta ɗauka jana'iza ce ta fara salati, maƙwabciyarta ta ce a'a biki ne ta saki guɗa. Da suka wuce mai sayar da wake a kusurwar titi karo na huɗu, ya ajiye ludayi ya tare su.

"Ya Hajj, ɓata kuka yi? In kira muku ɗan sanda?"

Nata'ala ya cire usur ya ce, "Matsa daga kan layi, jirgi zai take ka."

A tasha ta tara shayi ya fara aikinsa. Taragon tsakiya ya ɓalle a guje ya nufi bayan masallaci, na baya ya bi shi. Nata'ala bai waiwaya ba, yana ta busa yana tafiya, sai da ya isa tasha ta goma ya juya ya ga Iliya kaɗai ke riƙe da rigarsa, shi ma dariya ce ta hana shi saki.

"Yaya, Injiniya?"

"Gwaji ya yi kyau. A ƙasa babu inda za su gudu."

Saura haƙa. Akwai wani fili a gefen benen da Nata'ala ke haya, nan ya zaɓa ta zama babbar tasha, tashar amarya. Mai gadin benen, wani Bamisire mai gashin baki ana kiransa Ammu Abdussalam, ya fito da sanda ran da ya ga diga. Nata'ala ya ja shi gefe ya ce ai shi za a naɗa shugaban tasha, har ya sa masa wata hular sojan ruwa da ya tsinta a gwanjon Ataba. Daga ranar Ammu Abdussalam ya koma korar masu leƙe, yana sara wa kowa.

Nata'ala ya haƙa yadda ya ga ana yi a gidansu, wato zagaye ɗaya, faɗin mutum guda, sai ƙasa kai tsaye. Kwana goma sha shida yana yi, hannunsa duk ya yi kanta, ya rame, ya yi baƙi. A nan kam na tausaya masa, don ba wanda ya taɓa ganin ya wahala a kan wani abu haka. Da ramin ya kai gaba biyu, ya kafa itace uku a baki, ya rataya igiya da rabin ganga.

Iliya ya leƙa ya ce, "Ina matakala?"

"Wace matakala?"

"Wadda fasinja za su sauka."

"Ga ganga. Mutum ya shiga, a zura shi, a jawo, wani ya shiga."

"Mutum ɗari biyar, ɗaya bayan ɗaya?"

"Gaggawar me ake? Ai jirgin ba ya tashi sai ya cika."

"Nata'ala, wannan rijiya ce."

"A Kafanchan rijiya ce. A nan tasha ce."

Ana jibi Sallah aka sa bikin buɗewa. Unguwa ta cika, Hausawa a gaba, Misirawa a baya da kan barandodi. Lauratu da Inna Mardiya suka iso bayan bas biyu, mayafin Lauratu ya yage a ƙofa, Inna kuwa takalmi ɗaya ta sauko da shi. Ko gaisuwar kirki Lauratu ba ta amsa ba, ta tsaya a bakin ramin ta harɗe hannu.

Nata'ala ya fito cikin babbar riga mai aska takwas, ya shiga ganga da diga a hannu, ɗalibai suka zura shi. Aka jawo gangar sama domin a saukar da Malam Ɗantsoho, fasinja na farko, wanda tun da ya leƙa ramin ya ce alwalarsa ta karye, a ɗan jira shi. Daga can ƙasa muryar Nata'ala ta taso tana amsa kuwwa.

"Jama'a! Yau za a fara hanyar Ataba! Daga wannan sara sai kasuwa! Lauratu, kina kallo?"

"Ina kallon hularka."

Ya juya yamma, ya yi bismilla, ya kai wa bangon ramin sara. Ƙwal!

Iliya ya ce, "Tsaya! Wannan ƙarar ƙarfe ce."

"Dutse ne. Ni na san muryar dutse tun ina goye."

Ƙwal!

"Nata'ala, bututun ruwan unguwa ta nan ya bi!"

"Unguwa ta matsa da bututunta."

Sara na uku bai yi ƙara ba, sai wani huci. Ruwa ya feso ya kwashe hular Nata'ala, ya cillo ta har waje. To ka san jini ba ya ɓuya. Maimakon ya firgita, sai ya yar da diga ya ɗaga hannu sama yana tsalle. "Ruwa! An sami ruwa! Gaba biyu kacal! Ko Baba bai taɓa yi ba! A kawo goron albishir!" Sai da ya ji sanyi ya kai masa gwiwa sannan ya tuna abin da ya zo haƙawa.

A sama kuwa famfunan unguwa suka ɗauke a lokaci guda. Barandodi suka cika da mata masu kumfa a hannu, wani mutum ya fito da sabulu a ka yana zagi da Larabcin da ba a koyarwa a makaranta. Ammu Abdussalam ya cire hular shugaban tasha ya taka ta, ya haye bene a guje. Jim kaɗan akwatin Nata'ala ya fito ta taga, tabarma ta biyo shi, sannan buta.

Ɗalibai suka ruga za su zura ganga, sai suka tarar Lauratu ta taka igiyar da ƙafa.

Ta ce, "Ku dakata. Ina da magana da shi, kuma wata bakwai ban sami inda zai tsaya ya saurara ba sai yau." Ta sunkuya. "Nata'ala, ruwa ya kai ina?"

"Ƙugu. Ba komai, ni ruwa ya san ni. Lauratu, ki ƙara min wata ɗaya, wannan ƙaramar matsala ce, a Landan ma ana samu, tambayi Iliya."

"Ba a samu," in ji Iliya.

"Ba zan ƙara ko yini ba. Ni na ce maka ba zan zauna Hayyin Ashir ba. Na ce maka ka kawo jirgi? Ɗaki biyu ne a gidana, ɗaya ba kowa sai kwalaye. Tun ranar farko nake jira ka ce, Lauratu, to ni zan dawo Ataba. Da tuni an shafa fatiha. Amma kai jawo jirgi daga Helwan ya fi maka sauƙi a kan ɗaukar akwati ɗaya."

Wallahi tunanin bai taɓa zuwa masa ba, ko a mafarki.

Can ya ce, "Ni? In tare a gidan mace? Amarya ake kaiwa, Lauratu, ba a kai ango. Me za a ce a Gumel?"

"Ruwa ya kai ina?"

"Ƙirji. Amma ba zai yiwu ba. Baba, gaya mata al'ada."

Malam Ɗantsoho ya ce, "Ɗana, ni alwala na tafi."

"Ruwa ya kai ina?"

"Wuya. To... zan yi shawara. A ba ni zuwa bayan Sallah."

"Yi shawararka, ba ma sauri."

Inna Mardiya ta ce, "Ke 'yar nan, kada ki kashe min suruki tun ban ci goronsa ba."

"Ai a tsaye yake, Inna, kan yatsu."

Nata'ala ya ɗaga haɓa sama, yana hango fuskarta a bakin ramin, mayafi a yage, ido ya yi ja. Sai a lokacin ya gane ba dariya take ba, kuka take son yi. Ya buɗe baki zai yi wani jawabi, ruwa ya shiga. Ya tofar, ya yi tari.

"Lauratu!"

"Ina ji."

"Ɗakin kwalayen... yana da taga?"

"Yana da."

"Yaushe zan tare?"

Ta ɗage ƙafa. "Yalla, ku jawo shi."

Aka zura ganga, Iliya da ɗalibai suka ja, Nata'ala ya fito a tsugune a ciki, babbar riga ta manne masa, laka har gira. Ya dubi taron, Hausawa da Misirawa, sama da ƙasa, kowa shi yake kallo. Inna Mardiya ta ɗora akwatinsa a ka, da takalminta ɗaya, ta kama hanci ta rangaɗa guɗar da ta ratsa unguwar.

"Ayyururui! Ango ya fito! Ku ba da hanya, za mu kai shi ɗakinsa!"

Matan barandodi, da kumfarsu da fushinsu, suka amsa da tasu guɗar. Shi kuwa Nata'ala ya ja hannun jiƙaƙƙiyar rigarsa ya lulluɓe kansa. Aka sa shi a tsakiya, Malam Ɗantsoho yana biye yana yi masa nasiha a kan haƙuri da zaman gidan mutane, aka nufi tashar bas.